Wa Zai Mayar wa Makiyayi Sandarsa?

 Kafin ka shiga wannan darasi, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta 1 Timoti 5:17-22, sa'an nan Ezekiyel 44:10-14. A karanta da ƙarfi domin wanda bai iya karatu ba ya ji. Uwargida ma ta ajiye aiki ta zauna, gama zancen ya shafe ta da 'ya'yanta ƙwarai.

Zance ne mai nauyi a baki. Idan aka kawo ƙarar fasto, ko mai bishara, ko dattijo, cewa ya ci kuɗin baiko, ko ya nemi matar wani, ko ya ɓata yarinya, me ekklesiya za ta yi? In ya ce ya tuba, yaushe za a mayar da shi bakin aiki? Ko kuwa akwai wanda ba za a mayar ba har abada?

Ba zan fara da laifin wani ba. Zan fara da nawa.

Takardar da na rubuta

Fiye da shekara 20 ke nan, ina sabon dattijo, wata gwauruwa ta zo wurinmu da dare. Daga wani ƙauye take a bakin Komadugu. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. 'Yarta, yarinya mai wajen shekara 14, ita ce take ɗebo wa gidan mai bisharar ƙauyen ruwa. Matar ta durƙusa, ta faɗi abin da mutumin ya yi wa yarinyar, ba sau ɗaya ba. Muryarta tana rawa, ba ta ɗaga kai ta dube mu ba.

Muka kira shi. Da fari ya yi musu, daga baya ya fashe da kuka ya ce Shaiɗan ne ya ruɗe shi. Babban cikinmu ya ce, "'Yan'uwa, mu rufa wa aikin Allah asiri. In maganar nan ta fita, da wane ido za mu dubi maƙwabta?" Wani ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muka sa shi horo na wata 3. Yarinyar ma muka sa ta horo, ta koma zama a bencin baya. Da watannin suka cika, muka tura shi wani ƙauye mai nisa inda ake neman mai bishara. Ni ne wanda ya yi firamare a makarantar mishan, hannuna ya fi kyau, saboda haka ni aka ba alƙalami. Na rubuta cewa ɗan'uwa ne mai himma cikin wa'azi. Wannan gaskiya ne. Sauran gaskiyar ban rubuta ba.

Ba a yi shekara 2 ba, wata uwa a wancan ƙauye ta yi irin kukan da muka ji. Mu ne muka ba kura ajiyar nama, da takarda da sa hannu.

Me ya sa muka yi haka? Mu ba mugaye ba ne a ganin kanmu. Tsoro ne. Masu bi a ƙasar Diffa 'yan kaɗan ne, kowa ya san kowa. Mai bishara kuma ba ya samuwa da sauƙi. In ka cire ɗaya, ƙauyen zai iya yin shekaru ba mai karanta musu Magana. Wannan tsoro bai ragu ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Ranar 6 ga Fabrairu na shekarar, 'yan Boko Haram suka kawo hari Bosso da Diffa. Daga nan mutane suka watse daga ƙauyukan bakin kogi, waɗansu suka ƙetaro daga Damasak da Malam Fatori, aka yi ta kafa bukkoki a bakin babbar hanya. Har cinikin tattasai, wanda shi ne arzikin kwarin nan, an hana shi na wani lokaci. A irin wannan hali, wanda yake riƙe da takardar sunayen masu karɓar taimako ya zama mai iko ƙwarai. In fasto ne yake rubuta wa za a ba buhun gero, wace gwauruwa ce za ta iya buɗe baki a kansa? Ka tuna da wannan, gama yawancin irin wannan zunubi ba tsakanin tsara da tsara yake faruwa ba. Tsakanin mai iko ne da wanda ba shi da kowa.

Ba mu kaɗai ba

Kada ka ce wannan ciwon ƙauye ne, ko na marasa ilimi. A birnin Boston na Amurka, wani fada na ɗarikar Katolika mai suna John Geoghan ya yi wajen shekara 30 ana ɗauke shi daga wannan majami'a zuwa waccan. In ƙara ta taso, sai a tura shi wurin likitoci na ɗan lokaci, a ce ya warke, a ba shi sabon wuri, ba a gaya wa iyayen yara kome ba. Mutum fiye da 130 suka ce ya ɓata su suna yara. Wata jarida ta tone maganar a Janairu 2002, kafin shekarar ta ƙare shugabansu na birnin, Kadinal Bernard Law, ya sauka. A watan Yuni na shekarar, bishop-bishop na Amurka suka taru a Dallas suka kafa doka: fadan da aka tabbatar ya taɓa yaro, ko sau ɗaya ne, ba zai ƙara komawa aiki ba. A Faransa kuma, binciken da aka fitar a Oktoba 2021 ya ƙiyasta cewa yara wajen 216,000 ne limaman Katolika da masu hidimar zuhudu suka ɓata tun daga 1950.

Na san abin da wani zai ce: "Ai waɗannan Katolika ne, ba sa aure, shi ya sa." Ɗan'uwa, kada mu yi fariya. A Fabrairu 2019 jaridu a jihar Texas suka ƙirga shugabanni da ma'aikata wajen 380 na ɗarikar Baptis ta Kudu a ƙasar Amurka da aka zarga, da mutum fiye da 700 da aka cuta cikin shekara 20. Ɗarika ce da fastocinta suke aure, masu wa'azin bishara kamarmu. A nan Afirka ta Yamma ma, rahoton 2010 ya nuna yadda aka cuci 'ya'yan mishan a makarantar kwana ta New Tribes Mission a Fanda, ƙasar Senegal, shugabanni kuwa ba su kai wa hukuma ba.

Wanda ya fi sosa mini zuciya shi ne na John Smyth, domin ya yi kama da takardata. Lauya ne a Ingila, yana shugabantar sansanin samari na Kirista. Yana yi wa yara mugun duka da sanda, yana cewa horon Allah ne. A 1982 waɗansu shugabanni suka bincika, suka rubuta, suka ɓoye takardar. Ba su gaya wa 'yan sanda ba. A 1984 ya koma Zimbabwe, ya buɗe sabon sansani, ya ci gaba da cutar 'ya'yan mutane. Ya mutu a Afirka ta Kudu a 2018 ba a taɓa hukunta shi ba. Da cikakken rahoto ya fito a Nuwamba 2024, aka ga yara da samari fiye da 100 ne, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya ba da sanarwar zai sauka. Ka ga, sun rufa wa kansu asiri a Ingila, 'ya'yan Afirka suka biya.

Rufin asiri abu ne mai kyau a wurinmu. In maƙwabcinka ba shi da abin sa wa a tukunya ka aika masa da dare ba wanda ya sani, ka rufa masa asiri, Allah ya sa maka albarka. Amma rufe ramin maciji da tabarma a ɗakin da yara suke kwana, wannan ba rufin asiri ba ne.

Yadda za a ji ƙara

Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya karɓi ƙarar dattijo sai da shaidar mutum biyu ko uku. Wannan garkuwa ce mai kyau. Ana yi wa bayin Allah ƙazafi. Matar Fotifar ta yi wa Yusufu, ya shiga kurkuku ba laifin tsaye ba na zaune (Farawa 39). Akwai wanda zai ƙulla wa fasto sharri domin ya tsauta masa a kan giya, ko domin rikicin gona. Saboda haka jita-jitar bakin rijiya ba ta isa a kori mutum ba.

Amma mun mai da garkuwar nan bango. Mukan ce wa yarinya, "Ina shaidunki biyu?" Wa yake kiran shaidu sa'ad da zai aikata irin wannan? Karanta Maimaitawar Shari'a 22:25-27. A can an yi maganar budurwar da wani ya kama a saura, inda ba mai jin kukanta. Ba shaida ko ɗaya, duk da haka Shari'a ba ta ɗora mata laifi ba. A sura 19 kuma an umarci alƙalai su yi bincike sosai. Ashe aikin neman shaida yana kan dattawa ne, ba a kan yarinya ba. Takardar likita shaida ce. Saƙon da ya aika mata a waya shaida ne. Maƙwabciyar da ta ga lokacin shiga da fita shaida ce. Wata yarinya dabam da ta ba da labari iri ɗaya shaida ce. In zancen kuɗi ne, littafin baiko shaida ne, shi ya sa ya kamata mutum 2 su ƙirga baiko kowace Lahadi, su sa hannu. Ka kuma tuna, yawan baki ba shi ne gaskiya ba. Shaidu biyu Yezebel ta samo, aka jajjefe Nabot a kan ƙarya (1 Sarakuna 21).

Wani kuskure kuma shi ne a ɗauko Matiyu 18:15 a ce wa wadda aka cuta, "Je ki same shi ke kaɗai tukuna." Wannan aya ta saɓani ce tsakanin 'yan'uwa. Ba a aika ɗan akuya ya je ya yi wa kura nasiha a raminta. A cikin surar nan ɗaya, aya ta 6, Yesu ya faɗi abin da ya fi wa mai sa ƙanana tuntuɓe: dutsen niƙa a wuya da zurfin teku. A karanta surar daga farko.

Akwai masu cewa, "In gaskiya ne, don me ba ta faɗa ba tun lokacin? Sai yanzu bayan shekaru?" Kai da kake zaune a kwarin nan ka san amsa. Komadugu ba ya cika ranar da aka yi ruwa. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano da tsaunukan Jos yakan biyo kogin Haɗeja da na Jama'are a hankali, ya iso mu bayan damina ta wuce, sama tana fari fat. Ba wanda ya taɓa cewa ruwan ƙarya ne domin ya makara. Kunya da tsoro sukan riƙe magana shekaru da yawa. Tamar 'yar Dawuda ta yi kuka a fili, wanta Absalom ya ce ta yi shiru, ubanta ya husata amma bai yi kome ba, ta ƙare zamanta a kaɗaice (2 Sama'ila 13). Yarinyar da ta ga abin da ya sami mai faɗa, yaya za ta yi saurin faɗa?

To, ga abin da nake roƙon dattawa. Ranar da ƙara ta zo, a ji ta a natse, da mace dattijuwa daga zumuntar mata a zaune, a rubuta. Wanda ake ƙara ya dakata da wa'azi da ziyarar gidaje har a gama bincike. Dakatarwa ba hukunci ba ce, a gaya wa jama'a haka. A ci gaba da ba matarsa da 'ya'yansa abinci, gama su ba su yi laifi ba. Kada abokansa, ko surukinsa, ko wanda suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki tare su zama masu shari'ar. A kira mutane daga majalisar yanki. Bulus ya gama Timoti da Allah a kan kada ya yi tara, domin ya san zuciyar mutum tana karkata wajen wanda suka ci tuwo tare.

In fyaɗe ne, ko an taɓa yaro ko yarinya, akwai abu 2 da ba sa jiran taron dattawa. Na fari likita. A kai ta cikin kwana 3, gama maganin da yake kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau ba ya aiki in an wuce awa 72. Na biyu hukuma, jandarma ko 'yan sanda. Wannan laifi ne a dokar ƙasa, ba zunubi kaɗai ba. Romawa 13 ta koya mana cewa mai mulki bawan Allah ne domin hukunta mai mugunta. Waɗansu sukan kawo 1 Korintiyawa 6 su ce kada a kai ɗan'uwa gaban alƙali. Wannan zancen ƙananan ƙararraki ne na zaman duniya, irin su bashi da iyakar gona. In fasto ya kashe mutum, za ku ce a gama a majami'a? Ekklesiya ba ta da kurkuku, ba ta da likitan bincike. Ta yi nata, ta bar hukuma ta yi nata.

Haka kuma in hukuma ta sallami mutum, aikin ekklesiya bai ƙare ba. A Yuni 2019, wata mata ta fito fili ta zargi Fasto Biodun Fatoyinbo na majami'ar COZA ta Abuja da yi mata fyaɗe tun tana budurwa. Ya yi musu. Ya sauka daga mumbari a farkon Yuli, bayan wajen wata 1 ya koma. A Nuwamba kotu ta kori ƙarar da matar ta shigar, ta ce lokacin shigar da ita ya wuce. Ni ban ce ya yi ba, ban ce bai yi ba. Abin da nake so ka lura shi ne, tun kotu ba ta ce kome ba ya riga ya koma, hukuncin kotun kuma na ƙurewar lokaci ne. Inda fasto shi ne mai majami'a, wa zai ce masa dakata? Ekklesiyar da ba wanda ya isa ya tsayar da shugabanta tana cikin hatsari, ko shugaban nan mutumin kirki ne.

Gafara dabam, sanda dabam

Yanzu mun zo gindin magana. An bincika, an tabbatar, mutumin ya ce ya tuba. Bulus ya ce a tsauta wa irin wannan a gaban kowa domin saura su ji tsoro. Ba lalle a faɗi sunan wadda aka cuta ba, a kiyaye mutuncinta. Amma jama'a su san dalilin da ya sa aka cire shi. Kada a ce "ya tafi ƙarin karatu" ko "ya gaji yana hutawa". Ƙarya ce, daga mumbari kuma.

Akwai gafara? Akwai, ɗan'uwa. Ba zunubin da jinin Yesu bai isa ya wanke ba. A Koranti, mutumin da aka hora ya tuba, Bulus ya ce a yafe masa a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korintiyawa 2:5-8). Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya fāɗi cikin tawali'u. Amma ina aka komo da shi? Cikin zumunci. Wurin teburin Jibin Ubangiji. Wannan kyauta ce, ba a saye. Shugabanci kuwa amana ce, tana da sharuɗa. Karanta 1 Timoti 3:1-7 da Titus 1:6-9. Dole mai kula da ekklesiya ya zama wanda ba abin zargi a kansa, mai kamun kai, wanda har na waje suna shaidarsa. Ka ji? Har na waje. Mun ɓoye laifi domin tsoron maƙwabtanmu Musulmi, alhali sun riga mu sani. Abin da suke jira su gani shi ne ko za mu yi gaskiya.

Dubi Ezekiyel 44 da ka karanta. Lawiyawan da suka bauɗe suka ja jama'a zuwa gumaka, Allah bai kore su daga Haikali ba. Ya bar su su yi tsaron ƙofa da sauran hidimomi. Amma ya hana su matsowa su yi masa aikin firist. Suna cikin gida, ba su koma matsayinsu ba. Musa kansa, saboda abin da ya yi a bakin dutse, bai shiga ƙasar alkawari ba (Littafin Ƙidaya 20). Dawuda, wanda kowa yake kawowa hujja, an gafarta masa a bakin annabi Natan, amma takobi bai rabu da gidansa ba. Firist Eli kuwa ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi da matan da suke hidima a ƙofar alfarwa. Ya yi musu faɗa da baki, ya bar su a bakin aiki. Hukunci ya sauko a kan gidan duka, har da shi mai yin shiru (1 Sama'ila 2 da 3). Duk lokacin da na karanta wannan, kaina nake gani.

"To, Bitrus fa?" Gaskiya, Bitrus ya yi musun Ubangiji sau 3, aka kuma mayar masa da kiwon tumaki (Yahaya 21). Amma tsoro ne ya kā da Bitrus, bai ci tumakin ba. Wanda ya mayar da shi kuwa shi ne mai ganin zuciya. Ni da kai ba mu ganin zuciya, sai 'ya'yan itace, su kuwa ba sa nuna a wata 3. Yahaya Markus ya gudu daga aiki, Bulus ya ƙi tafiya da shi har suka rabu da Barnaba a kan haka (Ayyukan Manzanni 15:37-39). Sai bayan shekaru da yawa Bulus ya rubuta cewa yana da amfani a gare shi. Akwai komowa, amma ba da gaggawa ba. Shi ya sa nan da nan bayan zancen tsautawa Bulus ya ce wa Timoti kada ya yi garajen ɗora wa kowa hannu, domin kada ya yi tarayya cikin zunubin wani.

Ka tuna da ambaliyar 2019 da ta 2022. Inda jinga ta ɓalle, ba wanda ya yaɓa laka ya shimfiɗa tabarma a gindinta ya kwanta da 'ya'yansa. An jera buhunan yashi, an yi ta dubawa dare da rana, ba a amince ba sai da wani ruwan ya zo ya wuce ta tsaya.

Laifi ba ɗaya ba ne, saboda haka amsa ba ɗaya ba ce. Wanda ya ci kuɗi, ya biya tukuna, kamar yadda Zakka ya yi niyyar mayarwa (Luka 19). In ya biya, ya yi shekaru yana tafiya daidai, ana iya ba shi wa'azi, amma kada akwatin baiko ya ƙara kwana a ɗakinsa. Wanda ya yi zina da babbar mace cikin garkensa, kada a ce laifinsu ɗaya, gama shi aka ba amana, wurinsa ta zo neman addu'a. Waɗansu dattawa da nake girmamawa suna cewa irin wannan zai iya komawa bayan shekaru masu yawa, in matarsa da majalisa sun shaida. Waɗansu sun ce a'a. Ni na fi karkata ga a'a, amma ba zan yi faɗa da kowa a kai ba. Inda ba na ja da baya shi ne nan: wanda ya taɓa yaro ko yarinya, ko ya tilasta wa mace, kada a ƙara ba shi mumbari, ko makarantar Lahadi, ko ƙungiyar matasa, ko rabon taimako, a nan ko a wani gari, har ya mutu. In ya tuba zai ga fuskar Ubangiji. Ya yi noman tattasai, ya yi su, ya ci guminsa. In zai zo sujada, dattawa su san inda yake zaune. In kuwa ganinsa zai hana wadda ya cuta shigowa, shi ne zai nemi wani wuri, ba ita ba. Ita kuma ba a sa ta horo. Ba ta yi laifi ba. Kada kuma a matsa mata ta ce "na yafe" a gaban jama'a domin a rufe zance.

Yaya za ka gane tuba ta gaskiya? Hawaye ba shaida ba ne, na ga hawaye. Mai tuba yakan faɗi har abin da ba a kama shi da shi ba. Ba ya cewa Shaiɗan ne, ko yarinyar ce, ko matata ba ta kula da ni. Ba ya aika manya su yi masa roƙo. In aka ce a tafi wurin hukuma, yakan tashi. Wanda yake ƙirga watannin horo yana tambaya yaushe zai koma, sandar yake kuka, ba zunubin ba.

Ku kuma da ake aiko muku sabon fasto ko mai bishara, kada takarda ta ishe ku. Tun da aka watse, mutane da yawa sun zo daga nesa, kowa da labarinsa. Ku tambayi inda ya fito, da dalilin barinsa. Yanzu akwai waya, ku kira dattawan can, ku kira shugabar zumuntar mata, gama mata sukan san abin da ba ya shiga takarda. Mutumin kirki ba zai ji haushi ba.

Ya ku iyaye, ku girmama fastonku, ku kai masa hatsi da kaka, gama yawancinsu suna wahala dominmu da aminci. Amma kada ku tura yarinya ita kaɗai ta yi aiki a gidan da uwargida ba ta nan, ko gidan wane ne. Addu'a ba ta bukatar rufe ƙofa. Ku koya wa 'ya'yanku, maza da mata, cewa ba wani babba da yake da ikon ce musu "kada ka gaya wa innarka". In yaro ya zo da magana, kada mari ya riga kunne.

Waccan gwauruwa ta daina zuwa sujada tun a shekarar. Yarinyar aka aurar da ita nesa. Bayan da aka watse daga ƙauyuka, na ji matar tana zaune a wata unguwa a gefen garin Diffa. Na daɗe ina jinkiri, sa'an nan na tafi. Na same ta a kan tabarma tana tsince tattasai. Ta tsufa. Ta kawo mini ruwa, muka gaisa. Na ce, "Inna, ni ne na rubuta takardar nan. Mun zalunce ku. Na zo neman gafara."

Ta daɗe ba ta ce kome ba, hannunta bai bar tattasan ba. Can ta ce, "Malam, ni na bar wa Allah tuntuni. Ita fa, kun je wurinta?"

Ban je ba. Na tambaye ta sunan garin, ta faɗa mini, na rubuta a bayan Littafina.